Yadda Ake Rubuta Rahoton Masani a Shari'ar Neman Mafaka: Jagora ga Masu Sanin Jihar Katsina

Idan mutumin Batsari ko Faskari ya tsaya gaban alƙalin shige da fice a Landan ko Berlin ko wani birni na Amurka yana neman mafaka, alƙalin nan galibi bai taɓa jin sunan dajin Rugu ba. Bai san bambancin hakimi da dagaci ba, bai san kuɗin noma da ɓarayin daji ke ɗora wa ƙauye kafin su bar mutane su shiga gona ba. Takardu ne kawai a gabansa: bayanin mai neman mafakar, rahoton da gwamnatin ƙasar alƙalin ta tattara game da Najeriya, sai kuma rahoton wani masanin ƙasar idan lauya ya yi ƙoƙari ya nemo. Wannan na ƙarshen shi ne aikin da malaman Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da 'yan jarida da lauyoyi da ma'aikatan agaji na jihar nan suka fi kowa cancantar yi, amma da yawa ba su san ƙa'idarsa ba. Sanin ƙasa kaɗai ba ya wadatarwa. Alƙali yana aiki ne da sanin da aka nuna masa tushensa, aka faɗi iyakarsa, aka kuma ɗaura shi a kan tambayar da doka ke yi.

Mataki na farko: ka san wa kake yi wa aiki

Lauyan mai neman mafaka ne zai tuntuɓe ka, ta hannunsa kuma za a biya ka, amma kotu kake yi wa aiki. A Birtaniya an rubuta wannan ƙarara a cikin ƙa'idar kotun shige da fice: nauyin da ke kan masani na taimaka wa kotu ya rinjayi duk wani nauyi na wanda ya ɗauke shi aikin, kuma sai ya sa hannu a ƙarshen rahoto cewa ya fahimci haka. Ma'anarsa a aikace ita ce, idan ka ga abin da ke raunana da'awar mutumin, dole ka rubuta shi. Idan ya ce an kai hari ƙauyensu a wata kaza kai kuma ka bincika ka tarar an kai shi ne bayan wata uku, za ka faɗa. Wanda ya ɓoye irin wannan, ranar da lauyan gwamnati ya tono shi rahoton duka ya zube, kuma sunansa ya shiga rubutaccen hukuncin da wasu alƙalai za su karanta nan gaba.

Kada ka yarda a ɗaura ladanka a kan cin shari'a. Ku yi ciniki a kan awannin aiki ko a kan jimilla tun kafin ka fara, a rubuce. A Birtaniya sau da yawa hukumar taimakon shari'a ce ke biya, kuma tana da farashin da ta ƙayyade, don haka lauya zai nemi ka aiko da ƙiyasin awanni da takardar tarihin aikinka kafin a amince. Idan kana da dangantaka da mutumin, ko garinku ɗaya har kun san juna, ka bayyana tun farko. Mafi alheri ma ka bar wa wani aikin.

Mataki na biyu: ka san ma'aunin da za a auna mutumin da shi

Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, tare da ƙarin da aka yi mata a 1967, ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ke wajen ƙasarsa, yana da tsoro mai tushe na cewa za a gallaza masa saboda ɗaya daga cikin dalilai biyar: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a na musamman, kuma ba zai iya samun kariyar ƙasarsa ba. Sashe na 33 ya hana mayar da shi inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari.

A nan ne mutanenmu ke shan mamaki. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta fi faɗi, domin ta haɗa da wanda ya gudu saboda abin da ya dagula zaman lafiyar jama'a ƙwarai a wani yanki na ƙasarsa. Shi ya sa dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tsallaka jihar Maraɗi tun daga 2019 aka karɓe su a matsayin 'yan gudun hijira ba tare da kowannensu ya kawo hujjar cewa shi aka nufa ba. Turai da Amurka ba sa aiki da wannan yarjejeniyar. A can, cewa "garinmu ba lafiya" ba ta isa ta ba mutum matsayin ɗan gudun hijira. Akwai dai wata kariya ta daban: dokar Tarayyar Turai tana ba da kariya ta biyu ga farar hula da rikicin makamai na kan mai uwa da wabi ke barazana ga ransa, kuma kotun Tarayyar ta bayyana a shari'ar Elgafaji ta 2009 cewa gwargwadon yadda mutum ya nuna haɗarin ya shafe shi shi kansa, gwargwadon raguwar tsananin rikicin da ake buƙatar ya tabbatar. Akwai kuma sashe na 3 na yarjejeniyar yaƙi da azabtarwa ta 1984, wanda ya hana mayar da mutum inda za a azabtar da shi ko da ba a samu ɗaya daga dalilan nan biyar ba.

Ma'aunin hujja ma ya sha bamban da na shari'ar laifi. Kotun ƙolin Amurka ta nuna a 1987 cewa yiwuwar gallazawa ko da ɗaya cikin goma ce tana iya zama tsoro mai tushe. A Birtaniya, wata dokar shige da fice ta 2022 ta raba abin biyu ga waɗanda suka nemi mafaka daga 28 ga Yunin shekarar: a fara tabbatar da cewa ɗaya daga dalilan nan biyar ya shafi mutumin da kuma cewa lallai yana jin tsoron bisa rinjayen hujja, sannan a auna haɗarin da ke jiransa da ma'auni mai sauƙi. Ka tambayi lauya wane ma'auni ne ke aiki a shari'ar, amma kada ka yanke hukunci da shi. Yanke hukunci na alƙali ne.

Mataki na uku: takardar umarni da fayil

Kada ka rubuta ko layi ɗaya sai lauya ya aiko maka da tambayoyinsa a rubuce. Tare da su ka nemi bayanin mai neman mafakar da ya sa wa hannu, da rubutacciyar hirar farko da aka yi da shi lokacin da ya iso, da ta biyu mai tsawo, da wasiƙar da hukuma ta ƙi amincewa da shi, da hukuncin wata kotu idan an taɓa yi, da rahoton likita idan akwai, da hoton duk takardun da ya gabatar gaba da baya. Wasiƙar ƙin amincewar ita ce za ka fi karantawa da natsuwa, domin a cikinta ne hukuma ta jera abin da ba ta yarda da shi ba, sakin layi bayan sakin layi. Rahoton da bai taɓa waɗannan wuraren ba ya tashi a banza ko da ya kai shafi hamsin.

Idan wata tambaya ta fita daga fagenka, ka mayar da ita. Tabon da ke jikin mutum aikin likita ne, kuma likitoci suna da nasu ƙa'idar da ake kira ta Istanbul. Ko ana samun wani magani a asibitin gwamnati, wannan za ka iya bincikawa ka faɗa. Ko mara lafiyar zai rayu ba tare da maganin ba, wannan ba naka ba ne. Haka nan wanda ya san Funtuwa da Bakori kada ya yi magana a kan Borno kamar a can ya girma. Ka nemi mako biyu zuwa huɗu, ka kuma san ranar da kotu ta rufe karɓar takardu.

Mataki na huɗu: tattara hujja, da sanin ramukanta

Ka fara da abin da alƙalin ke riƙe da shi. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya tana wallafa bayananta game da Najeriya, hukumar mafaka ta Tarayyar Turai da ke Malta ta fitar da jagora kan Najeriya a 2019 da 2021, ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana da rahoton haƙƙin ɗan Adam na shekara-shekara, hukumar shige da fice ta Kanada tana da nata kundin. Ana samun yawancinsu a rumbunan intanet na ecoi.net da Refworld. Daga nan ka duba ƙididdigar hare-hare ta ACLED, da ƙididdigar waɗanda aka raba da gidajensu ta hukumar ƙaura ta duniya IOM, da rahotannin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya UNHCR, da na Amnesty International da Human Rights Watch da International Crisis Group, sannan jaridun gida da sassan Hausa na gidajen rediyo.

Amfaninka yana wurin da waɗannan suka gaza. Kusan dukkansu daga labarin da ya kai ga jarida suke ɗebowa, alhali harin da aka kai wa rugar gida goma a bayan Safana ba ya kaiwa jarida. Ga misali mai ƙarfi da ya kamata kowane masanin jihar nan ya riƙe: a ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure ta kuma hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Idan hukuma ta ce ta duba ba ta ga labarin harin da mutum ya ce an kai a Oktoban 2021 ba, aikinka ne ka bayyana wa kotu cewa a lokacin mutanen wurin ba su da hanyar kiran ɗan jarida, don haka rashin labari a wannan watan ba ya nuna rashin hari.

Adadi ma yana canzawa. Lokacin da aka sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamban 2020, an fara cewa 333 ne ba a gani ba, waɗanda aka sako bayan kwana shida kuma 344 ne. Abubakar Shekau, shugaban Boko Haram na lokacin, ya yi iƙirarin cewa mutanensa ne suka yi, hukumomi suka ce ɓarayin daji ne. Abin da ya faru a idon duniya ke nan, balle na ƙauye. Saboda haka duk adadin da za ka kawo ka faɗi wanda ya bayar da shi da ranar da ya bayar, idan kuma majiyoyi sun saɓa ka kawo duka ka faɗi wadda ka fi amincewa da ita da dalilinka. Ka kiyayi jaridu biyar da suka kwafi sanarwa ɗaya. Majiya ɗaya ce wannan, kada ka ƙirga ta biyar.

Abin da ka sani daga aikinka na fili, ka rubuta shi da siffarsa: a wane gari, a wane wata, daga bakin wane irin mutum, kai ka gani ko an gaya maka. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp da bidiyon Facebook ba sa shiga rahoto sai ka tabbatar da wuri da lokaci ta wata hanyar daban.

Mataki na biyar: gwada labarin da yadda ƙasar take

Ba za ka ce mutum mai gaskiya ne ko maƙaryaci ba. Abin da za ka ce shi ne ko labarinsa ya dace da abin da aka sani game da wurin da lokacin, kuma ka yi shi dalla-dalla. Jami'in da ya ƙi amincewa da shi yakan auna labarin ne da hankalin ƙasarsa. Zai ce ba zai yiwu a sace mutum iyalinsa su ƙi kai ƙara wurin 'yan sanda ba. Sai ka bayyana cewa a ƙauyukan yammacin jihar mutum mai unguwa yake fara gaya wa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. Cewa ofishin 'yan sanda yana iya zama tafiyar awanni a kan hanyar da ɓarayin ke tarewa. Cewa ana tsoron masu kai musu tsegumi, kuma iyalin da aka ji sun je hukuma suna iya rasa ɗan'uwansu da ke hannu. Zai ce ta yaya talaka ya biya kuɗin fansa na miliyoyi. Sai ka bayyana yadda ake sayar da gona da shanu da hatsi, dangi da 'yan gari su yi karo-karo, da yadda ɓarayin kan haɗa da babur da katin waya da kayan abinci a cikin abin da suke nema.

Matsalar kwanan wata tana kayar da mutane da yawa ba da laifinsu ba. Manomi yana lissafi da damina da kaka, da azumi da sallar layya, da ranar kasuwa. Idan ya ce "bayan ƙaramar salla da kwana kaɗan", ka juya wa kotu shi zuwa kalandar Bature ta wannan shekarar, domin watannin Musulunci suna matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Haka ma kalmomin zumunta: wanda ya kira ƙanin mahaifinsa baba a hira ɗaya, tafinta ya fassara shi mahaifi, a hira ta biyu kuma aka rubuta kawu, sai a ce ya yi tufka da warwara. Layi biyu daga masani suna warware wannan. In kuwa ka tarar da abin da bai dace ba, kamar garin da ya sa a wata ƙaramar hukuma alhali a wata yake, ka faɗa, ka kuma faɗi ko irin kuskuren da ɗan wurin zai iya yi ne ko a'a.

Mataki na shida: tambayoyi uku da shari'a ke tsayawa ko faɗuwa a kansu

Ta farko ita ce dalili. Garkuwa da mutane don kuɗi, hukumomin Turai sukan ɗauke ta a matsayin laifi na gama-gari da ba ya cikin dalilan yarjejeniya. Sai ka duba da gaskiya ko akwai abin da ya keɓe wannan mutumin. Ɗan sa-kai ko ɗan rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, wanda ɓarayi suka san fuskarsa, halinsa daban ne da na sauran 'yan gari. Haka dagacin da ya ƙi tara harajin da aka ɗora wa garinsa, da wanda ake zargi da kai wa sojoji labari. Haka kuma Bafulatanin da bai taɓa riƙe bindiga ba amma 'yan sa-kai ke tare shi a kasuwa saboda ƙabilarsa, ɓarayi kuma suka kore masa shanu. Wannan ɓangaren ana yawan mantawa da shi, kuma masani mai adalci ba ya mantawa. Akwai mace da ta gudu daga auren dole, ko wadda ta dawo daga hannun ɓarayi da ciki. Akwai mabiya harkar Shi'a da aka haramta a Yulin 2019, bayan abin da ya faru a Zariya a Disamban 2015. Akwai wanda ya bar addininsa ko aka zarge shi da ɓatanci. Akwai wanda dokar hana auren jinsi ta 2014, mai hukuncin ɗaurin shekara 14, ta shafa, ga kuma dokar laifuka ta shari'a a jiha. Ko me kake ji a zuciyarka game da mutumin, abin da aka tambaye ka shi ne me zai same shi idan aka mayar da shi. Wanda ba zai iya amsa wannan ba tare da son rai ba, ya ƙi karɓar aikin.

Ta biyu ita ce kariyar hukuma. Lauyan gwamnati zai kawo doka a rubuce: cewa babbar kotun tarayya ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, cewa akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafi ta 2015. Kai za ka nuna yadda abin yake a ƙasa. Dokokin nan biyu na tarayya ba sa aiki a jiha sai majalisarta ta yi nata, don haka ka duba ainihin dokar Katsina da ranar da ta fara aiki, sannan ka duba ko ana gurfanar da mutane a ƙarƙashinta. Ka faɗi nisan ƙauyen da sansanin jami'an tsaro mafi kusa, da tsawon lokacin da suka ɗauka kafin su iso a hare-haren da aka rubuta. Batun sulhu yana buƙatar kulawa ta musamman: an yi shi a 2019 ya rushe, an kuma sake ƙulla wasu a ƙananan hukumomi da dama a 2025. Ka bayyana ko sulhun wurin ya haɗa da ajiye makamai, ko kuwa izinin noma da shiga kasuwa ne kawai yayin da bindiga ke hannun mai ita, sannan ko ya shafi mutumin da ɓarayin ke riƙe da shi a zuci. Inda kariya ta yi aiki ma ka faɗa. Shari'ar Amina Lawal, wadda kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa hukuncin jifa a 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke shi a Satumban 2003, tana nuna abu biyu a lokaci guda: cewa ɗaukaka ƙara tana iya ceton mutum, da kuma cewa sai da lauyoyi da idon duniya aka kai ga hakan.

Ta uku ita ce wadda ta fi kayar da 'yan Najeriya: me zai hana shi komawa Kano ko Abuja ko Legas? Ƙasar tana da faɗi, sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin zama inda ya so, kuma jihar Katsina kanta ba ɗaya ba ce. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, wato Daura da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, ba su ga irin abin da Jibiya da Batsari da Ɗanmusa da Sabuwa da Ɗandume suka gani ba. Masanin da ya shafa wa ƙananan hukumomi 34 fenti ɗaya ya ba da kansa. Kotu tana duba abu biyu: ko haɗarin zai bi shi can, da kuma ko zaman can zai yi masa tsananin da ya wuce kima. A na farko ka yi bayanin yadda ake gano mutum ta hanyar 'yan garinsu a tasha da zango da kasuwa, ka kuma faɗi gaskiya cewa yawancin dabobin ɓarayi ba su da hannun da zai kai Legas. Idan doka ce ko dangi ke neman mutum, lissafin ya canza. A na biyu ka sauko kan wannan mutumin: shekarunsa, karatunsa, sana'arsa, ko yana jin wani harshe ban da Hausa, ko yana da dangi a can. Ka kawo kuɗin hayar ɗaki na yanzu da al'adar biyan shekara guda gaba ɗaya, da wahalar da mace marar miji ke sha kafin mai gida ya ba ta haya, da yadda takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ke shiga cikin neman aikin gwamnati da gurbin karatu. Saurayi mai sana'ar hannu da bazawara mai 'ya'ya huɗu ba amsa ɗaya suke da ita ba.

Mataki na bakwai: takardu da harshe

Idan an ba ka wasiƙar hakimi ko takardar asibiti ko rahoton 'yan sanda, ka faɗi abin da idonka zai iya tabbatarwa: ko sarautar da aka rubuta ita ce ta wannan gundumar, ko tsarin takardar ya yi kama da waɗanda ka saba gani, ko ƙaramar hukumar ta dace da garin. Ka bayyana cewa mutane da yawa ba su da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, takardar rantsuwar shekaru suke yi a kotu idan buƙata ta taso, don haka sabon kwanan wata a kanta ba alamar jabu ba ne. Kada ka ce takarda sahihiya ce alhali hotonta kawai ka gani.

Wani lokaci ana shakkar ko mutumin ɗan Najeriya ne ko ɗan Nijar. Tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Kongolam da Matamaye, dangi ɗaya ne a ɓangarori biyu, auratayya da kasuwa ba su taɓa yankewa ba. Bakatsine da Bamaraɗe suna iya furta kalma iri ɗaya, kuma ɗan kan iyaka yana iya lissafi da jika da dala kamar yadda yake yi da naira. Ka faɗa wa kotu cewa karin harshe shi kaɗai ba ya tabbatar da ƙasar mutum a wannan yankin.

Mataki na takwas: tsarin rahoton

Ka sa wa kowane sakin layi lamba, domin da lambar alƙali zai ambace shi. Ka fara da kai wane ne da abin da ya ba ka ikon magana a kan wannan batun, har da lokacin da ka je yankin na ƙarshe. Sai tambayoyin lauya kamar yadda ya aiko su, da jerin takardun da ka karanta. Tarihin rikicin ya zama gajere, shafi biyu ko uku. Nauyin rahoton ya tafi kan amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Kowace magana ta gaskiya ta sami majiyarta a ƙasan shafi tare da kwanan wata, ra'ayinka kuma ka nuna cewa ra'ayi ne. Inda masana suka saɓa ka kawo saɓanin. Ka rufe da taƙaitattun amsoshi, da furucin cewa ka san nauyin kotu a kanka, da sa hannu da kwanan wata. Shafi goma sha biyar zuwa ashirin da biyar sun ishi yawancin shari'u.

Abubuwan da suka fi zubar da rahoto sanannu ne: kwafo sakin layi daga wani tsohon rahoto har sunan wani mutum ya biyo, majiyoyin da suka wuce shekara biyu a rikicin da ke canzawa kowace damina, kalmomin tausayi irin na mai roƙo, da kalmar "tabbas" a inda ya kamata a ce "mai yiwuwa ƙwarai". Idan ka yi amfani da manhajar kwamfuta wajen gyara Turanci, ka buɗe kowace majiya da hannunka ka tabbatar tana nan kuma ta faɗi abin da ka jingina mata. Lauya yana iya neman ka fayyace wuri ko ka gyara kuskure. Ba ya da ikon sa ka canza ra'ayi.

Mataki na tara: kare mutanen da ke gida

Fayil ɗin sirri ne. Kada ka kira ofishin 'yan sanda ko fadar hakimi ko wani ɗan siyasa ka ambaci sunan mai neman mafakar don tabbatar da labari, sai da izininsa a rubuce ta hannun lauya, kuma ko da izinin ka auna abin da zai biyo baya. Tambaya ɗaya a gari ƙarami ta isa a san cewa wane yana Turai, gobe a zo a ɗauki mahaifiyarsa don an ji akwai kuɗin waje. Ka yi tambaya a kan gari da lokaci, ba a kan mutum ba. Majiyoyinka ma ka sakaya sunansu, ka ce malamin makaranta a wata gunduma ta Ɗanmusa, ka gaya wa kotu dalilin sakayawar, ka ajiye cikakken bayanin a wurin da ke da kalmar sirri. Kada ka tura fayil ta wayar da yara ke wasa da ita ko ta shagon buga takardu.

Mataki na goma: idan an kira ka ba da shaida

A Birtaniya yawanci rubutaccen rahoton ne kawai ake karantawa, a Amurka kuwa an fi kiran masani ya yi magana ta waya ko bidiyo. Wasu kotuna suna da sharaɗi kan karɓar shaida daga wata ƙasa, don haka lauya ya binciki wannan da wuri. Ka tanadi wuri mai shiru da wutar da ba za ta ɗauke ba da layin intanet na biyu, ka lissafa bambancin awanni. Ka sake karanta rahotonka a daren, ka duba ko wani abu ya canza a yankin tun ranar da ka sa hannu. Idan an ƙulla sulhu ko an kai sabon hari, ka sanar da lauya a rubuta ƙarin bayani kafin zama. Lauyan gwamnati zai tambaye ka sau nawa ka rubuta wa masu neman mafaka, ko ka taɓa samun labarin da bai dace ba, da ranar da ka taka wannan ƙaramar hukumar ta ƙarshe. Ka amsa a taƙaice, ka fuskanci alƙali, idan an karanto maka wani sashe na rahoton gwamnati ka nemi a nuna maka shafin da shekarar da aka wallafa shi kafin ka ce komai a kansa.